Ƙwaryar da Muka Rufe da Faifai

Shekarar da aka aiko majami'armu ta ba da mace ɗaya ta tafi kwas a Birnin Kudu, babu wadda ta ja da ni. Ba wai na fi kowa ba ne. Mu duka matan in mun zauna ba ma cika tabarma biyu, kuma ni kaɗai ce ke karanta Littafi Mai Tsarki ba tare da bin layi da yatsa ba. Ga shi ni ce matar mai bishara. Maigidana yana wa'azi ran Lahadi a wata 'yar majami'ar jinka, a ƙauyenmu kusa da Maruta a ƙasar Gwaram, sauran kwanakin kuma yana gona kamar kowa.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, kuɗin mai sun fara shigowa. Fam da sule sun tafi, naira ta zo, kowa ya je birni sai ya dawo da rediyo a kafaɗa. Manyan ikilisiya suka ce ya kamata a koya wa mata shugabanci. Suka ce kuma yaƙi ya bar mata da yawa babu maza, a koya mana yadda ake riƙe mai baƙin ciki. Na ɗaure 'yan zannuwana, na goya 'yata wadda ta isa yaye, na hau motar kasuwa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi wace ce Inna, don ita ce maganar. Babana ya karɓi bishara ne a wurin jinya, a wani asibitin mishan inda ya daɗe a kwance. Da ya dawo ya faɗa mata, Inna ta ce ta ji, Allah ya ba shi sa'a, ita dai tana nan a kan sallarta. Auren ya mutu ba tare da an ɗaga murya ba. Ta koma wurin 'yan'uwanta a wani ƙauye bayan Basirka, ni na zauna a hannun Baba. Dangi da yawa sun yanke mu, Inna ba ta yanke ni ba. Duk kaka sai ga saƙonta: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa a ƙulle cikin tsumma. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In tana maganata da wasu ta ce "yarinyar nan". Baƙo zai ce ba ta damu da ni ba, mu da muka tashi a ciki mun san kunya ce irin ta uwa da ɗan fari, kuma ni daɗinta nake ji.

Da na haifi ɗana na fari ni ma haka na yi. Ban kira sunansa ba, ban yi masa wasa a gaban mutane ba. Lokacin yaye ya yi, aka kai shi wurin Inna kamar yadda ake yi. Wasu a majami'a sun yi gunaguni, wai za a mayar da ɗan mai bishara mai salla. Maigidana ya ce su bar shi, wurin kakarsa ya je. Yaron ya zauna a can ya yi ɓul-ɓul. Inna tana kiransa maigidanta, tana yi masa tsiyar ya zo ya cinye mata tuwo bai kawo cefane ba.

Wata damina, ya fara bin awaki da gudu ke nan, zazzaɓi ya kama shi. Kafin saƙo ya iso mana an riga an binne shi. Na tafi, na zauna a ƙuryar ɗakin Inna. Masu gaisuwa suna shigowa suna yi wa Inna ta'aziyya, ni su ce mini "sai haƙuri" a taƙaice su wuce, don kada su ba ni kunya. Ban yi kuka ba. Ban tambayi Inna yadda aka yi ba, ita ma ba ta faɗa mini ba, domin in mun yi haka mun yi maganarsa ke nan. Na koma gida da tambaya ɗaya a cikina: an kai shi asibiti kuwa? Tambayar nan ta yi shekaru tana cina, ko maigidana bai sani ba.

Duk da haka tsakanina da Inna babu abin da ya taɓu. Ana saura 'yan kwanaki in tafi kwas ta aiko a faɗa mini, in na gama karatun in kai mata ƙawarta, wato jaririyar da ke bayana, ta tanadar mata geron kunu. Na ji daɗin saƙon nan ƙwarai. Na san ba ƙaramin abu ba ne ta sake miƙa hannu ta karɓi ɗana.

An sauke mu a wata majami'a da ke bakin gari, kusa da babbar hanya, inda motocin kasuwa masu zuwa Gwaram suke lodi. Mata ne daga wurare daban-daban, amma daga ƙasar Gwaram ni kaɗai ce. Masu koyarwa biyu ne. Akwai wata Baturiyar mishan, doguwa, mai Hausar littafi, wadda ke koya mana yadda ake buɗe taro da rufe shi, da yadda ake hana mace ɗaya cinye lokacin kowa da addu'a. Sai uwar zumuntar mata ta gunduma, matar babban fasto, wadda muke kira Mama. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi dariya har ɗankwalinta yana zamewa. Bahaushiya ce kamar mu, a ƙauye ta tashi, ta san komai namu ciki da waje.

Mama ta ja ni a jiki tun ranar farko. Takan karɓi 'yata ta goya in ina rubutu. Ta taɓa zaunar da ni ta yi mini kitso da hannunta, tana cewa kaina kamar sheƙar tsuntsu, wace ce za ta bi shugaba mai irin wannan kai. Ta ce ni zan riƙe matan ƙasar Gwaram nan gaba. Ni da na tashi ba uwa a gida, na sake jiki da ita gaba ɗaya.

Da yamma ake darasin riƙe mai baƙin ciki. Baturiyar ta ce a ƙasarsu an gane cewa ciwon zuciya sai an faɗe shi yake sauƙi, don haka kowa ta faɗi nata. Muka zauna muna kallon yatsun ƙafarmu. Wa zai buɗe cikinsa a gaban matan da jiya ya fara ganinsu? Kwana da kwanaki ana haka, Baturiyar tana jira, mu muna tsince zaren tabarma.

Mama ce ta samo dabara. Wata yamma ta shigo da sabuwar ƙwarya da faifai. Ta ce wadda za ta yi magana ta riƙe ƙwaryar a cinyarta, kada ta kalli kowa, ta zuba maganarta a ciki. In ta gama a rufe da faifai, mu duka mu ɗora hannu a kai mu ce, "An rufe, Ubangiji kaɗai ke buɗewa." Ita ta fara ɗora hannu, ta yi mana alkawari a gaban Allah cewa abin da ya shiga ƙwaryar nan ba zai fita ɗakin ba.

Abin ya yi aiki. Wata matar soja ta faɗi yadda aka kawo mata akwatin mijinta babu shi, babu labarin inda ya kwanta. Wata ta faɗi ɓarin da ta yi ta yi har dangin miji suka daina gaishe ta. Muka yi ta kuka muna rufewa. Ni dai in ƙwarya ta zo kaina sai in miƙa wa ta gaba.

Ranar da na riƙe ta, Mama ta matso ta zauna kusa da ni, ta dafa bayana.

"'Yata, na ga kina ɗauke da kaya tun zuwanki. Sauke."

Na ce na taɓa rasa yaro.

"Wane ne sunansa?"

Na ce, "Mama, na fari ne."

"Na sani. Ni ma uwa ce, na san kunyar. Amma a nan babu suruki, babu maƙwabci. Yesu ma ya yi kuka a kabarin abokinsa, mutane suna kallo. Faɗi sunansa a cikin ƙwarya, mu rufe miki."

Na faɗa. Tun da aka raɗa masa sunan ban taɓa furta shi ba sai ran nan, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗi yadda yake gudu, na faɗi yadda Inna ke masa tsiyar cefane. Na ce Inna Musulma ce, ta riƙe shi da ƙauna. Sannan na faɗi abin da ke cina: ban sani ba ko an kai shi asibiti, ban iya tambaya ba, kuma wani lokaci zuciyata takan ce da yana hannuna da wataƙila yana nan. Iyakar abin da na ce ke nan. Na yi kukan da ban yi a ɗakin Inna ba. Aka rufe ƙwarya, hannun Mama a kan nawa.

Gaskiya ita ce na sami sauƙi. Washegari na ci abinci na ƙara, na ji wuyana ya saki kamar na sauke tulu. Maganin na gaske ne, kuma wannan yana cikin abin da ya fi yi mini ciwo har yau.

Ranar rufe kwas ta faɗo ranar kasuwa. Aka yi rumfa, muka sa ankonmu. Baƙi suka zo daga Kano a motoci, har da waɗansu Turawa da aka ce su ne ke tallafa wa aikin daga ƙasarsu. An yi hayar lasifika, sabon abu a lokacin, aka ɗaure bakinta a kan darbejiya yana fuskantar hanya, wai don bishara ta kai ga masu wucewa. Muka yi waƙa da tulu da kacau-kacau, 'yan kasuwa suka taru a bakin shinge suna kallo.

Mama ta tashi yin jawabi, wani malami yana juya wa Turawan da Turanci. Ta yi godiya, ta faɗi abin da aka koya mana. Ina gyara goyo ina murmushi, sai na ji ta ce za ta ba da shaida ɗaya, don baƙi su ga irin duhun da ake fama da shi.

"Akwai wata 'yarmu a nan, daga ƙasar Gwaram. Ta ba uwarta riƙon ɗanta na fari. Uwar ba ta san hasken Ubangiji ba. Yaro ya kwanta ciwo, ta hana a kai shi asibiti, ta yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe har ya mutu a hannunta. Shekaru 'yarmu tana ɗauke da wannan, ko sunan ɗanta ba ta iya faɗa saboda al'ada. A nan ta faɗe shi."

Sai ta faɗi sunan. A lasifika. Na ji shi ya fita daga bakin ƙarfen nan ya bugi duwatsun bayan gari ya dawo.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa, mai tuɓewar kuma tana murmushi tana nuna ni da alfahari. Matan da muka ɗora hannu tare duk suka sunkuyar da kai, matar sojan nan ta kama gefen zanena ta riƙe. Wata Baturiya cikin baƙin ta ciro hankici tana share ido. Aka yi tafi. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya aka ba mu takardar shaida, na karɓi tawa ban san da wane hannu ba.

Da aka watse na same ta a bayan majami'a tana rarraba wa baƙi shinkafa. Na jira ta gama.

"Mama, ƙwaryar fa?"

Ta dube ni da mamaki na gaskiya. "Haba 'yata, ai ban faɗi sunanki ba."

"Mu nawa ne daga ƙasar Gwaram? Kuma kin faɗi nasa."

"Shaida ce. Ba ki ga yadda ta taɓa baƙin nan ba? Sun ce za su gina mana ɗakin taro na kwano. Mata nawa za su sami sauƙi a ciki saboda ke? Ki gode wa Allah da ya yi amfani da hawayenki."

"Kin ce ta hana a kai shi asibiti. Ni ban ce haka ba. Cewa na yi ban sani ba."

"To ai maganar ke nan, in an bi ta," in ji ta. Ta miƙo mini kwanon shinkafa da nama a kai, ta ce in ci, ina shayarwa.

Baturiyar da ta koyar da mu ban riƙe ta a zuciya ba. A ƙasarsu wataƙila faɗin sunan mamaci a taro girmamawa ce. Amma Mama ta san mene ne ɗan fari. Ta san mene ne a ce uwa ta kashe jikanta, a ranar kasuwa, a gaban motar garinsu. Da sanin nan ta buɗe bakina, da shi kuma ta sayar da ni. Na yi shekaru ina addu'a in yafe mata, wani lokaci ina ganin na yafe, sai in ji lasifika a wani wuri abin ya dawo sabo.

A motar komawa babu wanda ya yi mini magana sai wata tsohuwa mai sayar da tabarmi, 'yar wajen Basirka. Ta dubi ankona, ta dubi goyona, ta ce, "Sannu 'yar mishan. Mun ji wa'azi." Ta juya fuskarta waje.

Maigidana ya ce in bari ƙura ta lafa kafin in je wurin Inna. Na ce in na bari an ce gaskiya ne. Bayan 'yan kwanaki na goya yarinyar, na ɗauki 'yan kayanta na yaye, na tafi.

Kawunnaina suna zaune a zaure. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa suna kallon bango. Na shiga cikin gida. Inna tana tankaɗe. Da, in na zo, ko ɗagowa ba ta yi, sai ta ce "ke, miƙo mini murfin can," kamar jiya na fita. Ran nan ta tashi tsaye. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa mini a tsakar gida, ta kawo ruwa a kwanon da take ajiye wa baƙi. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Inna, abin da aka faɗa ba haka na..."

Ta ɗaga hannu. Ta zauna a kan turmi, nesa da ni kaɗan.

"Tunda an yi maganarsa a kasuwa, bari mu ma mu yi. Da safe jikinsa ya yi zafi. Kafin azahar ya fara sanƙarewa. Maza duk suna gona. Na goya shi na kama hanyar bakin titi, in sami mota zuwa asibitin Birnin Kudu. An kwana ana ruwa, na tarar kogi ya cika ya batse, mai fito ya ce ba zai sa kwale-kwalensa ba. Na roƙe shi, na kwance ɗankunnena na ba shi, ya ce ba maganar kuɗi ba ce, in ya sa shi ruwa zai tafi da mu duka. Na zauna a bakin ruwa ina jira ya janye. A nan na ji ya yi nauyi a bayana. Na goyo shi haka na dawo gida, ina amsa gaisuwar mutane a hanya."

Ta murza garin da ya maƙale a yatsunta.

"Ban faɗa miki ba don na ga ke uwa ce, kin yi kunya, kin riƙe kanki, na ce 'yar nan ta yi hankali. Ashe ajiye shi kika yi sai kin sami taro."

Na ce a ɗaki na faɗa, an yi mini alkawari, an rufe da faifai. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita ba nauyi. Ta yaya zan bayyana wa Inna cewa na amince da ƙwarya da faifai a kan abin da ban iya tambayarta ba? Ta saurare ni har na gama, ba ta ce ƙarya nake ba.

Yarinyar ta sauka daga cinyata ta rarrafa wajenta, ta kama gefen zanenta ta miƙe. Na ga hannun Inna ya motsa zai ɗauke ta, sai ya koma. A bakin ƙofar ɗaki na hango ƙwaryar geron kunun da ta ce ta tanada, an surfe an shanya.

Sai Inna ta kira sunana. Cikakke, a fili, yadda ake kiran 'yar maƙwabta. Ban taɓa sanin yadda yake a bakinta ba.

"Ɗauki 'yarki. Ku da kuke kusa da asibiti, ku yaye abinku."

Na ɗauke ta. Inna ta raka ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in gaida gida.

An gina ɗakin taron, da kwano mai ƙyalli, ana hango shi daga hanya. Na riƙe matan ƙasar Gwaram kamar yadda Mama ta ce, shekaru masu yawa, ban taɓa kawo ƙwarya taro ba. In mace ta zo mini da nauyi a zuciya sai in zubo gyaɗa mu zauna muna ɓarewa, ta faɗi abin da ta ga dama, in ta tashi mu share ɓawon. Ni na yaye 'yata da kaina, da sauran da suka biyo ta.

Inna ta ƙara shekaru a duniya. Ina zuwa gaishe ta duk Salla, tana shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta sake ta da maganar ba. Amma tun daga ran nan har ta rasu, da sunana take kirana.